Tarihin Aikin Jirgin Fito Le Joola, 1990–2002

1.0 Gabatarwa

A daren Alhamis, 26 ga watan Satumba 2002, jirgin ruwan nan na ƙasar Senigal mai suna Le Joola ya kife a tekun Atlantika, daura da gaɓar ƙasar Gambiya. Bisa ƙididdigar hukuma, mutum 1,863 ne suka rasa rayukansu, mutum 64 kawai suka tsira. Adadin ya zarce na waɗanda suka halaka a jirgin Titanic a shekarar 1912, watau kimanin mutum 1,500, duk da cewa labarin Titanic ne ya fi yaɗuwa a duniya.

Galibin abin da akan faɗa game da Le Joola ya tsaya ne kan wannan dare ɗaya, da ruwan sama da iskar da aka yi a cikinsa. Amma jirgin ya yi shekara 12 yana aiki kafin wannan dare, kuma a cikin shekarun nan ne za a ga dalilan abin da ya auku. Saboda haka wannan maƙala za ta bi tarihin aikin jirgin daki-daki. Za a fara da bayanin irin jirgin da yanayin ƙasar da ya yi wa hidima, sa'an nan a dubi ƙira da aikinsa da yadda aka kula da shi, kana a zo ga tafiyarsa ta ƙarshe da abubuwan da suka biyo baya. Manufa ita ce a nuna yadda aka yi ta ɗora wa jirgi guda, wanda aka ƙera domin mutum 580, nauyin zirga-zirgar yanki sukutum, har cunkoso ya zama al'ada, aka daina ganinsa a matsayin haɗari.

2.0 Ma'anar Jirgin Fito

A Hausa kalmar fito tana nufin ƙetarar da mutane ko dabbobi ko kaya daga wannan gaɓar ruwa zuwa waccan. Daga gare ta aka sami kuɗin fito, watau ladan da akan biya mai jirgi, da kuma jirgin fito, watau jirgin da aikinsa ke nan kullum, ya je ya dawo tsakanin wurare biyu sanannu. Abin da ya bambanta jirgin fito da sauran jirage shi ne wannan kai-da-kawo a kan hanya ɗaya da lokaci ƙayyadadde. Ma'anar ta isa ta ɗauki manyan jiragen teku na zamani masu irin wannan aiki, ko da tafiyarsu ta kwana ce.

Jirgin fito mai ɗaukar motoci da fasinja yana da ƙira ta musamman. A cikinsa akwai wani babban fili kamar gareji, mai ƙofa wadda akan sauke ta zama gada, motoci su shiga da ƙafafunsu su kuma fita da ƙafafunsu, ba tare da an ɗaga su da ƙugiya ba. A saman wannan fili ne ɗakunan fasinja suke, bene bisa bene. Amfanin wannan ƙira shi ne saurin lodi da saukewa. Illarta kuwa iri biyu ce. Ta farko, filin motocin ba shi da bangaye masu raba shi gida-gida, saboda haka idan ruwa ya shiga, ko kaya suka zame, to, duk sai su gangara gefe guda, su ƙara wa jirgin karkata. Ta biyu, da yake fasinja a sama suke, yawansu yana ɗaga nauyin jirgin zuwa sama, alhali kuwa jirgi ba ya zama daidai a kan ruwa sai nauyinsa ya rinjaya a ƙasa. Don haka ne akan yi wa jirage tankuna a can ƙasa, a riƙa cika su da ruwan teku domin su riƙe jirgin. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kwale-kwale yake rawa idan mutanen ciki suka miƙe tsaye gaba ɗaya ya ga wannan ƙa'ida da idonsa.

Wannan rauni sananne ne ga masana tun kafin 2002. Alal misali, jirgin Herald of Free Enterprise ya kife a bakin tashar Zeebrugge ta Beljiyam a 1987, mutum 193 suka mutu, domin ruwa ya shiga filin motocinsa. Haka kuma jirgin Estonia ya nutse a tekun Baltik a 1994, mutum 852 suka halaka.

3.0 Kasamans da Matsalar Hanya

Ba za a fahimci muhimmancin Le Joola ba sai an dubi taswira. Ƙasar Gambiya wani siririn tsiri ne da ya bi kogin Gambiya daga bakin teku ya kutsa cikin Senigal fiye da kilomita 300. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1889 ita ce ta shata wannan iyaka, kuma ba ta canja ba bayan Senigal ta sami mulkin kai a 1960, Gambiya kuma a 1965. Sakamakon haka shi ne kudancin Senigal, watau yankin Kasamans, ya kasance kusan a yanke daga Dakar, babban birnin ƙasar. An yi ƙoƙarin haɗa ƙasashen biyu cikin tarayyar Senegambiya a 1982, amma tarayyar ta wargaje a 1989.

Babban garin yankin shi ne Ziguinchor, wanda akan furta Ziginshor, a bakin kogin Kasamans, kimanin kilomita 70 daga teku. Turawan Fotugal ne suka kafa shi a ƙarni na 17, Faransa ta karɓe shi bayan yarjejeniyar 1886. Yankin ya fi arewacin ƙasar samun ruwan sama, don haka yana da albarkar shinkafa da manja da mangwaro da lemo da kashu da busasshen kifi. Babbar kasuwar waɗannan kaya kuwa tana Dakar. Har ila yau, a duk tsawon rayuwar jirgin babu jami'a a Ziguinchor, sai a 2007 aka buɗe ta. Ɗalibin da ya gama sakandare a yankin dole ne ya tafi arewa, ko Dakar ko Saint-Louis. Haka nan mai neman babban asibiti ko aikin gwamnati.

A wancan zamani matafiyi ta ƙasa yana da hanya biyu. Ta farko ta ratsa Gambiya, tsawonta kimanin kilomita 450, amma sai an ƙetare iyaka sau biyu, an sha binciken kwastan da 'yan sanda, sa'an nan a jira ƙaramin jirgin fito a kusa da Farafenni domin haye kogin Gambiya. Manyan motoci sukan yi kwanaki a layi a wannan mashiga, kayan gwari su ruɓe. Hanya ta biyu ta kewaye Gambiya ta Tambakunda, tsawonta kusan ninki biyu na ta farko.

A kan wannan wahala sai aka sami ƙarin rashin zaman lafiya. A watan Disamba 1982 aka yi zanga-zangar neman ɓallewar Kasamans a Ziguinchor, ƙarƙashin ƙungiyar MFDC, wadda wani limamin Katolika, Augustin Diamacoune Senghor, ya zama jagoranta. Daga 1990 rikicin ya koma yaƙin sunƙuru sosai. 'Yan bindiga suka riƙa tare motoci a kan hanya suna yi wa matafiya fashi, daga baya kuma aka shiga binne nakiyoyi a hanyoyi da gonaki. Abin lura a nan shi ne, a shekarar da yaƙin ya tsananta, a cikinta ne Le Joola ya fara aiki. Tun daga ranar farko ke nan hanyar teku ta zama ita ce mafi aminci, mafi arha, kuma mafi sauƙi ga talakan Kasamans.

4.0 Ƙira da Farkon Aiki

An ƙera jirgin a garin Germersheim na ƙasar Jamus, a bakin kogin Rhine, aka miƙa shi ga gwamnatin Senigal a 1990 domin ya maye gurbin wani tsohon jirgi mai suna Casamance Express. Tsawonsa kimanin mita 79 ne, faɗinsa kimanin mita 12, yana da inji biyu. An tsara shi ya ɗauki fasinja 536 da ma'aikata 44, jimla 580 ke nan, tare da motoci 35 da sauran kaya. Da yake tilas ne ya shiga kogin Kasamans, wanda bakinsa ke da tudun yashi, sai aka yi shi marar zurfi, abin da ke nutse a ruwa daga jikinsa bai wuce kimanin mita 3 ba. Wannan ya dace da kogi da kuma bin gaɓar teku, amma yana nufin jirgin ba shi da wani nauyi mai yawa a ƙarƙashin ruwa da zai yi wa benayensa rinjaye idan aka cika su da mutane. Wajibi ne ke nan a kiyaye adadin fasinja, a kuma cika tankunan ruwansa yadda ya kamata.

Sunan jirgin na ƙabilar Joola ne, manoman shinkafar da suka fi yawa a Kasamans ta ƙasa, waɗanda kuma ake samu a Gambiya da Gini Bisau. Masana sukan sa harshensu cikin rukunin harsunan Atlantika, tare da Fulfulde da Wolof da Serer. Kalmar Le kuwa ƙwayar fayyace suna ce ta Faransanci. Zaɓen wannan suna yana da ma'ana ta siyasa, domin a lokacin da wasu 'yan yankin suke cewa Dakar ta yi watsi da su, sai ga gwamnati ta sa sunansu a jirgin da ya haɗa su da babban birni.

Jirgin yakan yi zuwa da dawowa sau biyu a mako. Yakan tashi daga Ziguinchor da rana, ya gangara kogi, ya tsaya a tsibirin Karaban da ke bakin teku, sa'an nan ya kwana yana tafiya, ya isa Dakar da safe. A Karaban babu matsayar jirgi a wancan zamani. Jirgin yakan tsaya a tsakiyar ruwa ne, kwale-kwale su kawo masa mutane da kaya, abin da ya sa ƙidayar masu shiga a wurin ta yi wuya ƙwarai. Tikiti hawa-hawa ne, daga ɗakunan kwana zuwa kujeru, zuwa aji na uku wanda ya fi arha, wanda kuma shi ne na mafi yawan jama'a.

Manyan abokan hulɗar jirgin su ne ƙananan 'yan kasuwa, galibinsu mata, waɗanda ake kira bana-bana a Senigal. Sukan sari manja da mangwaro da busasshen kifi a kudu, su sayar a kasuwar da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Dakar, su sayo tufafi da kayan masarufi su koma da su. Gidaje da yawa a Ziguinchor da wannan fatauci suke ci, da shi suke biyan kuɗin makaranta. Ban da su akwai ɗalibai, da sojoji masu zuwa hutu daga fagen fama, da marasa lafiya, da Turawa masu yawon shaƙatawa a gaɓar Kasamans. A taƙaice, jirgin ya zama hanya, ya zama kasuwa, ya kuma zama dandalin da dangi suke haɗuwa.

5.0 Jirgin a Hannun Sojan Ruwa

Da farko kamfanin farar hula ne yake tafiyar da jirgin. Amma a tsakiyar shekarun 1990, saboda halin tsaro, gwamnati ta danƙa shi ga rundunar sojan ruwa. Dalilin a fili yake: ana tsoron kai masa hari, ana kuma so a san abin da ake ɗauka a cikinsa. Sai dai wannan mataki ya haifar da wata matsala wadda ba a lura da girmanta ba sai daga baya. Jirgin fasinja na kasuwanci yana ƙarƙashin hukumar kula da jiragen farar hula, wadda ke da ikon duba shi, ta hana shi tashi idan bai cika sharuɗɗa ba. Da jirgin ya koma hannun soja, sai ikon wannan hukuma a kansa ya raunana. Ma'aikatar sufuri tana ganin jirgin na soja ne, soja kuma suna tafiyar da shi bisa tsarinsu. Binciken da aka yi bayan haɗarin ya nuna cewa takardun shaidar lafiyar jirgin wa'adinsu ya ƙare tun shekaru kafin 2002, amma bai fasa ɗaukar mutane ba.

Cunkoso kuwa ya zama ruwan dare. Akan sayar da tikitin aji na uku ba tare da iyaka ba. Ƙananan yara ba sa biya, saboda haka ba sa shiga lissafi. Sojoji da iyalansu, da 'yan'uwan ma'aikata, da duk wanda ya san wani, sukan shiga ba tikiti. Ga mai sayar da tikiti, hana mutum shiga yana nufin tura shi hanyar da ake fashi da dasa nakiya, ko kuma barin kayansa su ruɓe a tasha. Ga fasinja kuma, jirgin ya sha tafiya a cike ya isa lafiya. Kowace tafiya da aka yi lami lafiya da mutum 1,000 sai ta zama hujjar yin ta gaba da fiye da haka.

Aiki ba hutu da ƙarancin kuɗin gyara suka gajiyar da injunan. Jirgin ya riƙa lalacewa a kai a kai, har a ranar 13 ga Satumba 2001 aka dakatar da shi ɗungum. Ya yi kusan shekara guda a ajiye, aka sauya injin hagu, aka yi wa na dama kwaskwarima. A wannan shekara tattalin arzikin Kasamans ya shiga ƙunci, amfanin gona ya rasa hanyar fita, jama'a suka yi ta matsa wa gwamnatin Shugaba Abdoulaye Wade lamba a dawo musu da jirginsu. Ranar 10 ga Satumba 2002 ya koma aiki, aka tarbe shi da murna. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An gyara inji, amma ba a gyara tsarin sayar da tikiti ba, ba a sabunta takardu ba, ba a kuma tabbatar da kayan ceto suna aiki ba. Kwana 16 kawai jirgin ya ƙara yi a kan ruwa.

6.0 Tafiyar Ƙarshe

Ƙarshen watan Satumba lokacin komawa makaranta ne a Senigal, domin a watan Oktoba ake buɗe makarantu. Ga kuma 'yan kasuwar da suka shekara suna jiran jirgi. Ranar 26 ga wata, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, Le Joola ya bar Ziguinchor. Tikitin da aka sayar sun haura 1,000, watau kusan ninki biyu na abin da aka ƙayyade tun kafin a ƙidaya marasa tikiti. A Karaban aka ƙara mutane da kaya. Hotunan da aka ɗauka a lokacin da yake barin tsibirin da yamma sun nuna ya riga ya karkata gefen hagu. Idan aka haɗa adadin mamata da na waɗanda suka tsira, za a ga mutanen ciki sun haura 1,900, fiye da ninki uku na 580.

Da misalin ƙarfe 10 na dare jirgin ya yi magana da Dakar ta rediyo, ya ce tafiya lafiya. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Wajen ƙarfe 11, yana tsakanin kilomita 35 da 40 daga gaɓar Gambiya, sai hadari ya taso da iska da ruwa, irin wanda aka saba gani a ƙarshen damina. Saboda zafi da cunkoson da ke ciki, ɗaruruwan mutane suna kwance a benen sama, a sarari. Da ruwa ya sauko sai suka ruga gefen da ke da kariya, wanda shi ne gefen da jirgin ya riga ya karkata. Tankunan ƙasa ba a cika su yadda ya kamata ba. Motoci da kayan da ke gareji ba a ɗaure suke ba, suka zame gefe guda. Tagogin ƙasa a buɗe suke, ruwa ya kwararo ta cikinsu. Cikin 'yan mintoci, ƙasa da biyar bisa shaidar waɗanda suka tsira, jirgin ya juye, cikinsa ya koma sama. Ba a sami damar aika saƙon neman agaji ba, kuma kwale-kwalen ceto, waɗanda ya kamata su saki kansu su buɗe a kan ruwa, galibinsu a ɗaure suke tam.

Jirgin bai nutse nan take ba. Ya ci gaba da yawo a kife har zuwa wajen ƙarfe 3 na yammacin Juma'a, iskar da ta maƙale a cikinsa tana riƙe da shi. Waɗanda suka samu suka hau bayansa sun ba da labarin cewa sun yi ta jin bugu da kururuwar mutanen da ke da rai a ciki. Masunta masu kwale-kwale da jiragen kamun kifi da ke kusa su ne suka fara kai ɗauki da gari ya waye, su ne kuma suka tsamo waɗanda suka tsira. Agajin hukuma bai iso ba sai bayan sa'o'i masu yawa, duk da cewa rashin jin ɗuriyar jirgin tun tsakar dare ya isa ya sa a tashi nema. Daga cikin mutum 64 da suka tsira, mace ɗaya ce tak, domin mata da yara sun fi yawa a ɗakunan ciki, inda babu mafita.

7.0 Bayan Haɗarin

Abu na farko da ya bayyana shi ne babu wanda ya san yawan mutanen da ke cikin jirgin. Adadin da aka fara sanarwa bai kai 800 ba. Ya yi ta hawa yayin da iyalai suke zuwa da sunaye da hotunan 'yan'uwansu, har a farkon 2003 gwamnati ta tsaya a kan 1,863. Ƙungiyoyin iyalan mamatan suna ganin adadin ya kusa 2,000 ko ya zarce. Gawawwakin da aka samu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, da yawansu kuma ba a gane su ba. An binne su a maƙabartu huɗu: Mbao kusa da Dakar, Kantene da Kabadio a Kasamans, da Bassori a Gambiya. Sauran suna cikin gangar jirgin a ƙarƙashin teku, a zurfin kimanin mita 20, kuma iyalai sun daɗe suna neman a ɗago ta. Mamatan sun haɗa da Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, da 'yan ƙasashe fiye da 10. A Ziguinchor da wuya a sami unguwar da ba a yi zaman makoki ba, makarantu kuma suka buɗe da kujeru babu masu su. Ɗan ƙwallon nan Aliou Cissé, wanda ya jagoranci 'yan wasan Senigal a gasar cin kofin duniya watanni uku kafin haɗarin, ya rasa danginsa 11.

Shugaba Wade ya amsa cewa alhakin yana wuyan gwamnati. Ministan sufuri da na tsaro suka ajiye aiki, a watan Nuwamba 2002 kuma aka sauke Firayim Minista Mame Madior Boye da majalisarta. Daga baya aka cire wasu manyan hafsoshin soja daga muƙamansu, aka kuma yi wa iyalai tayin diyyar sefa miliyan 10 a kan kowane mamaci. Amma ta fuskar shari'a, a 2003 masu gabatar da ƙara na Senigal suka rufe maganar, suka ce laifin na kyaftin ɗin jirgin ne, Issa Diarra, wanda shi ma ya mutu a haɗarin. Da yake akwai Faransawa 18 cikin mamatan, iyalansu sun kai ƙara a Faransa, har wani alƙali ya ba da sammacin kama manyan jami'an Senigal 9 a 2008. Kotunan Faransa suka kori ƙarar a 2014, bisa hujjar cewa jami'an wata ƙasa suna da kariya a kan ayyukan da suka yi da sunan hukuma, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 2018. Ba a gurfanar da kowa ba ke nan a kan mutuwar mutum 1,863.

8.0 Magadan Le Joola

Kasamans ta yi shekara 3 ba jirgi. A 2005 aka yi hayar wani mai suna Wilis daga Indonesiya, a 2008 kuma aka kawo sabon jirgi da aka ƙera a Jamus, Aline Sitoé Diatta. An karɓe aikin daga hannun soja aka ba kamfanin farar hula, aka wajabta nuna katin shaida kafin sayen tikiti, aka riƙa rubuta sunan kowane fasinja, ana auna kaya, ba a kuma wuce adadi. An gina matsayar jirgi a Karaban. A 2015 aka ƙaro jirage biyu daga Koriya ta Kudu, Aguène da Diambogne. A watan Janairu 2019 aka buɗe gadar Senegambiya a kusa da Farafenni, wadda ta kawar da jiran fito a kogin Gambiya, ta rage wa hanyar teku nauyi. A 2024 aka buɗe gidan tarihi na tunawa da mamatan a bakin kogi a Ziguinchor.

Sunayen jiragen nan abin nazari ne ga mai sha'awar al'ada. Aline Sitoé Diatta 'yar Joola ce daga ƙauyen Kabrousse, wadda ta ja hankalin mutanenta su ƙi ba Faransawa shinkafar da suke ƙwata a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An kama ta a 1943, aka kai ta Tambutu, ta rasu a can a 1944. Aguène da Diambogne kuwa, a tatsuniyar ƙasar, 'yan'uwan juna ne mata biyu da kwale-kwalensu ya tsage biyu a teku. Ruwa ya kai ɗaya kudu ta zama kakar Joola, ya kai ɗaya arewa ta zama kakar Serer. Da wannan labari ake bayyana wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilun biyu, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari. An zaɓi labarin haɗarin jirgi da ya haifar da zumunci aka sa wa jiragen da suka gaji Le Joola.

9.0 Kammalawa

An ga yadda iyakar da Turawa suka shata a 1889 ta raba Kasamans da Dakar, yadda yaƙi ya toshe hanyar ƙasa, da yadda jama'ar yanki guda suka dogara ga jirgi ɗaya. An ga kuma yadda miƙa jirgin ga soja ya fitar da shi daga hannun masu duba lafiyarsa, da yadda cunkoso ya zama al'ada cikin shekara 12. Hadarin daren 26 ga Satumba 2002 irin wanda jirgi lafiyayye, mai ɗauke da adadin da aka ƙayyade masa, zai iya ratsawa ne. Matakan da aka ɗauka daga baya, watau ƙidayar fasinja da auna kaya da duba takardu da raba mai tafiyar da jirgi da mai sa masa ido, babu ko ɗaya daga cikinsu da ba a san shi ba a 1990, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ƙasar a lokacin. An fara aiki da su ne bayan mutum 1,863 sun halaka.